Allurar da Na Hana a Yi wa Babanku

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na daɗe ina kewaya shi kamar mai kewaya rijiyar da ba ta da murfi. Abin da ya zaunar da ni a kansa yanzu, 'yar'uwarku Nana ce ta dawo daga biki a gidan Baffanku Ladan idonta ja, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki a cikin taron mata ta ce, "Wagga ita ta ɗiyar wadda tah hana a yi ma mijinta magani." Ku manyan kun tsinci kaɗan daga abin da ya faru, amma ƙananan ba ku san babanku ba sai a kan keken hannu. Gara ku ji daga bakina tun ina da rai, ku auna da hankalinku.

A bazarar shekarar da abin ya faru albasa ta yi kyau a fadamar Kajiji, har manyan motoci suna shigowa ɗauka. Babanku yana saman wata mota yana ɗaure buhuna, ya ja igiya da ƙarfinsa duka, igiya ta tsinke. Ya faɗo ta baya, tsakiyar bayansa ya daki bakin amalanke. Waɗanda suke wurin sun ce ko ƙara bai yi ba, sai dai ya riƙa tambayar inda ƙafafunsa suke, alhali ga su a miƙe a gabansa. Baffanku Ladan, yayansa, shi ya kai shi Shagari, daga can aka wuce da shi babban asibiti a birni. An yi masa aiki, an sa ƙarfe an riƙe ƙashin baya. Hannuwansa lafiya, hankalinsa lafiya, amma daga cibiya zuwa ƙasa ko tsinke aka soka masa ba ya ji. Muka zauna a asibitin nan har ruwan farko ya sauka, ni a kan tabarma gefen gadonsa, Baffa Ladan yana zuwa yana komawa, kakarku Inno tana gida tana sauke addu'a tana aiko da rubutu a gora.

A cikin likitocin da suke zagayowa akwai wata mace, Likita Balkisu, doguwa mai ƙarancin dariya. Daga harshenta na gane 'yar Bodinga ce kamar ni, ko da yake ban san ta ba, gidansu kawai na sani daga nesa. An ce bayan duba marasa lafiya tana da wani ɗaki inda take bincike a kan ɓeraye masu raunin lakar ƙashin baya. Ban ji daɗin jin haka ba. Na riƙa lura da yadda take tsayawa a kan babanku fiye da sauran, tana buga masa gwiwa da 'yar gudumar roba, tana shafa masa auduga a ciki tana tambaya ko ya ji. Sai zuciyata ta ce mini matar nan ciwon take so, ba mai ciwon ba.

Wata safiya babanku ya ɗaga mata hannunsa na hagu ya nuna mata wani tsohon tabo. Tun yana saurayi lauje ya yanke shi a wurin, yatsunsa biyu suka mutu, ya yi watanni ba ya jin su, daga baya suka dawo. Ya tambaye ta yaushe ƙafafun za su dawo kamar yadda yatsun suka dawo. Ta ja kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba. Baffa Ladan yana tsaye a wajen kai.

"Malam, jijiyar hannu daban, laka daban," in ji ta. "In anka yanke jijiyar hannu, jiki shina share wurin, shi gyara mata hanya, ta riƙa tsirowa kaɗan-kaɗan kamar yaɗon kabewa har ta kai yatsa. Ita ma laka tana ƙoƙarin tsirowa, mun gani da idonmu a madubin da ke ƙara girman abu. Zaren jijiyar shina hito da ɗan kai, shi lallaɓa gaba. Amma akwai wani farin abu mai kama da kitse da ke naɗe da zaren laka. In ya farfashe, akwai sinadarai a jikinsa waɗanda da kan jijiyar ya taɓa su, sai saƙo shi shiga cikinta cewa ta tsaya. Sai ta noƙe kamar kunkurun da anka taɓa. Bayan wannan jiki shina gina tabo a wurin raunin, shi ma da nasa sinadarai masu hana wucewa. Ga shi kuma jijiyar babban mutum ta riga ta rage ƙarhin tsirowa tun da yag gama girma."

"To a kankare tabon mana," in ji Baffa Ladan.

"Tabon shinge na, Alhaji. Shi yat tsare ɓarnar kada ta yaɗu sama. In anka cire shi dut, ana iya ƙara ɓata wurin. Abin da muke nema shi ne yadda za a toshe saƙon nan na tsayawa ba tare da an rushe shingen ba. A ɓeraye mun ɗan samu, jijiya ta tsiro kaɗan, wasu sun ɗan motsa ƙahwa. A mutum an gwada a wasu ƙasashe, amma har yau babu abin da zan iya miƙa maka in ce ga magani."

Babanku ya mayar da idonsa kan fanka. Daga nan ta roƙi ya yarda ta ɗebi jininsa kaɗan don bincikenta, ta ce ba zai amfane shi ba, wataƙila ya amfani wani nan gaba, kuma in ya ƙi babu abin da zai ragu a kulawar da ake masa. Baffa Ladan ya ce a'a tun kafin babanku ya buɗe baki. Ni ma a raina a'a na ce. Da ta fita, Baffanku ya ce ai ka ji, suna da maganin, ɓeraye ma sun samu, sai dai suna ajiye wa masu hali. Ban musa masa ba, don ni ma tunanin ya ɗarsu a zuciyata.

Muka dawo Kajiji da damina. Kafin a sallame mu an koya mini yadda ake juya shi don kada fatar bayansa ta ɓare, da yadda ake kula da robar fitsari, da yadda ake lanƙwasa ƙafafun a miƙe su don kada su sandare. Wannan ya zama aikina, babu mai iya shi sai ni. Gidanmu a lokacin ƙofa ɗaya ce da gidan Baffa Ladan, Inno kuma ɗakinta yana tsakani. Masu dubiya ba su yanke ba. Kowa ya zo sai Baffanku ya maimaita masa bayanin likita, kuma kowace maimaitawa sai wani abu ya faɗi daga ciki. Farin kitsen ya fara ɓacewa, sannan ɓerayen, sannan shingen. Kafin gero ya fitar da kai, abin da ya rage a bakin mutane shi ne, likita da bakinta ta ce jijiyar tana son tsirowa amma akwai abin da ke hana ta. Na ji Inno tana gaya wa wata maƙwabciya haka a bakin murhu, ta ƙara da nata.

"Abu ba ya hana kansa. In an ce an hana, to akwai mai hanawa."

A lokacin ban ɗauka da ni ake ba. Na ma fi zaton da abokan cinikin albasarsa take.

Sai ƙafafun suka fara motsi. Ina cikin goge masa jiki sai ƙafar dama ta zabura ta yi ta karkarwa ita kaɗai. Inno ta gani ta yi sujadar godiya a tsakar ɗaki. Ni na san abin, don Likita Balkisu ta gargaɗe ni tun a asibiti cewa hakan zai faru. Ta ce lakar da ke ƙasa da raunin tana nan da rai, tana iya zaburar da ƙafa ita kaɗai in an taɓa, amma wannan ba ya nufin saƙo daga kai ya ƙetare wurin da ya karye. Ta ce in ina son in gane, in ce masa ya motsa yatsan ƙafa da nufinsa. Na gwada ba sau ɗaya ba idan mun kaɗaita. Ya kan yunƙura har jijiyar wuyansa ta tashi, yatsan bai taɓa amsawa ba. Da na faɗi haka a gaban Inno sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ba ta taɓa ganin matar da ake mata albishir tana ture shi da ƙafa ba.

Bayan an yanke gero Baffa Ladan ya zo da baƙo. Wani mutum ne fari mai tumbi, cikin farar mota, da tabarau da akwatin sanyi irin na masu rigakafi. Dakta kawai ake ce masa, ban taɓa jin sunansa na yanka ba, kuma Hausarsa ba ta ƙasarmu ba ce. Baffanku ya haɗu da shi ta hannun wani dillali a kasuwar Shagari. Aka shigo da shi har ɗakin babanku, na kawo ruwa na koma bakin ƙofa na tsaya. Bai nemi hoton ƙashin da muka zo da shi daga asibiti ba. Bai ɗaga zanen ya duba ɗan gyambon da ya fara fitowa a kwankwaso ba, wanda shi ne abin da ya fi hana ni sukuni a kwanakin. Ya dai zauna ya fara magana, kuma abin da ya fito daga bakinsa ya sa na ƙara kasa kunne. Ya ce jijiyar tana son tsirowa. Ya ce akwai tabo da ya tare ta, da sinadarai masu ce mata ta tsaya. Ya ce yana da allura daga ƙasar waje wadda ake yi a cikin baya, ta narkar da tabon ta kashe saƙon, jijiya ta wuce. Maganar likita ce sak, sai dai ita ta ƙare da babu, shi ya ƙare da akwai. Ya ciro waya ya nuna musu bidiyon wani mutum yana tashi daga keken guragu yana takawa. Sannan ya ɗauki gefen hannunsa ya daki ƙasan gwiwar babanku, ƙafar ta harba sama.

"Kun gani? Tana da rai. Hanya kawai take jira a buɗe mata."

Inno ta fashe da kuka. Na ga idon babanku ya kawo ruwa, abin da ban gani ba ko ranar da ya faɗi. Na nemi izininsa in yi tambaya, ya ɗaga mini kai.

"Ranka ya daɗe, a wane asibiti za a yi allurar?"

"Ba a asibiti ba, Hajiya. Ina da gida a bayan birni. Likitocin nan hassada gare su, in sun ji za su ɓata aikin."

"Mutumen wanga na cikin waya, ɗan wane gari na? Ko za mu iya zuwa mu gaishe shi?"

Ya yi dariya ya dubi Baffa Ladan, ba ni ba, ya ce sirrin majinyaci amana ne. Ya faɗi abin da za a biya kafin a fara, ya ce maganin ba ya jimawa a cikin sanyi, kada a ja lokaci. Da Baffanku ya raka shi ya dawo, na tare shi a zaure na durƙusa.

"Yaya, zancen tabo da sinadarai, shi yaf fara yi maka ko kai kag gaya mai?"

"Mi ab bambanci? Na ba shi labarin ciwon dut a mota, kamar yadda aka ba kowane likita."

Daga nan na san inda mutumin ya samo kalmominsa. Amma sanin wannan bai isa hujja ba, don mai gaskiya ma yana iya maimaita abin da aka gaya masa.

Yanzu ga inda maganar ta biyo ta kaina. Jinyar asibiti ta riga ta cinye albasar shekarar da shanun huɗar babanku. Baffa Ladan ya sayar da abin da zai iya, ba zan zalunce shi ba, ya yi wa ƙanensa hidima ta gaske. Abin da ya rage a tsaye kawai shanuna ne, waɗanda na gada daga mahaifina, suna hannun wani Bafulatani a makiyayar Shagari tun kafin a haifi yawancinku. Babu wanda ya furta, amma kowa ya san inda ido yake. Na ce a ba ni kwana kaɗan in je Bodinga in gai da mahaifiyata in yi shawara. Na je na gaishe ta, amma washegari na shiga mota zuwa birni ban gaya wa kowa ba, na zauna a kan benci har Likita Balkisu ta fito. Na kwashe komai na gaya mata. Na sa ido a fuskarta ƙwarai, ina neman hassadar da mutumin ya faɗa.

"Ban san mi ac cikin allurarsa ba," in ji ta. "Wataƙila ruwa na, wataƙila wani abu. In da akwai allurar da ke yin abin da yac ce, da ba a bayan birni za ki same ta ba, da duniya dut ta ji. Abin da nis sani, laka wuri na da ba ya son datti. In ƙwayar cuta ta shiga ta wurin allura tana iya hawa har kai. Mijinki yanzu shina da hannuwa, shina zama, shina da hankalinsa. Ana iya rasa waɗanga ma."

"In ubanki na fa?"

"Ba ni bari."

Na dawo ina juya maganar a mota. Ba zan ce muku na fito daga wurinta da cikakkiyar yarda ba. Har a lokacin ina tunanin ko tana kare sana'arsu ne, ko tana jin haushin jinin da aka hana ta. Amma na ga ita ba ta jin nauyin cewa ba ta sani ba, kuma ba ta nemi ko ɗan akuya a wurina ba. Shi kuwa babu abin da bai sani ba, kuma yana gaggawa. Sannan gudumar roba da gefen hannu duk abu ɗaya suka yi wa gwiwar, ita ta ce ba komai ba ne, shi ya sa tsohuwa kuka da shi.

Aka taru a ɗakin babanku bayan la'asar, Inno da Baffa Ladan da ni. Na ce ba zan sayar da shanun don wannan allura ba. Na faɗi dalilaina ɗaya bayan ɗaya, har da zuwana birni, don ban so su ji daga wani bakin. Wannan ne ya ƙara dagula abin.

"Kin tahi wurin 'yar garinku a ɓoye," in ji Baffa Ladan a hankali. "Kin ce muna Bodinga za ki."

"Na tahi Bodinga, Yaya. Daga can niw wuce."

Inno ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Tun asibiti wagga likita tac ce akwai abin da ke hana jijiyar ɗana Ummaru tsirowa. Mun yi ta neman mai hanawa a waje. Ƙahwa ta motsa, kin ce ba motsi ba na. Magani ya zo har ɗaki, kin ce ba magani ba na. Ke da ɗiyar garinku kun san abin da kunka ƙulla. Miji a kwance, gona da gida a hannun mace."

Na dubi babanku ina jiran ya ce wani abu. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa buhun da ake zaton an sa duwatsu a ƙasansa. Daga bisani ya ce, "Shanunki na, Luba. Babu mai tilasta miki." Ya juyar da fuskarsa bango.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsananin abin da na gani a zaman aure. Inno ta hana shi cin abincin da na dafa, ta koma girka masa da kanta, shi kuma bai hana ta ba. Ta kawo wani mai duba daga wajen Sifawa, aka fitar da kayana tsakar gida, aka tone ƙarƙashin gadon babanku da bakin ƙofar ɗakina ana neman abin da na binne. Ba a samu komai ba, mai duban ya ce an binne shi da nisa. Matan unguwa suka rage shigowa, waɗanda suka shigo kuma ba sa shan ruwan da na kawo. Duk da haka ni ce mai juya shi, ni ce mai wanke shi, don Inno ta gwada ta kasa, Baffa Ladan kuma yana jin nauyi. Sai in shiga in yi aikina yana kallon bango, in gama in fita babu wanda ya ce uffan. Wani lokaci ina jin idonsa a kan hannuna idan ina shafa masa mai, yana bin abin da nake ɗebowa daga kwalba. Ni ma na koma mai zargi. In na ji an yi ƙasa da murya a ɗakin Inno sai in tsaya da tsintsiya a hannu. Na aika wa Bafulatanin nan cewa ko wa ya zo da sunana kada ya ba da saniya sai ya gan ni da idonsa. Na daina nisa da gida, don ina tsoron in dawo in tarar an ɗauke shi a mota. Mahaifiyata ta aiko in taho Bodinga in huta, na ƙi, don na san in na fita gyambon nan zai cinye shi kafin in dawo.

Baffa Ladan ya shiga neman wanda zai karɓi jinginar fadamar babanku. Kafin ya samu, wayar mutumin ta daina shiga. Dillalin da ya haɗa su ya ce likitoci ne suka kore shi daga birni saboda hassada. Wasu suka ce hukuma ce take nemansa. An yi ta labarin wani ɗan wajen Sifawa da aka yi wa allurar, wasu suka ce ya miƙe har ya je masallaci da ƙafarsa, wasu suka ce zazzaɓi ya kama shi ya rasu. Na bi diddigi iya iyawata, ban samu wanda ya san sunansa ko ƙofar gidansu ba. Don haka ba ni da abin da zan ɗaga in nuna muku in ce ga shaidar cewa na yi daidai. A wurin Baffanku ni ce na ja lokaci har dama ta wuce, kuma a kan haka ya toshe ƙofar da ke tsakanin gidajenmu ya fasa wata ta waje.

Da rani ya kama na je Shagari da kaina na sayar da shanun, na bar guda ɗaya mai ciki. Na sa aka ƙera masa keken da ake tuƙawa da hannu, aka sayo katifa mai laushi, aka zuba siminti daga ɗakinsa zuwa zaure yadda keken zai wuce, aka kafa masa rumfa a bakin kasuwar Kajiji da ɗan jarin sayen albasa. Mutane suka ce kunya ce ta kama ni. Inno ta ce na sayi keke don in tabbatar ba zai taka ba. Har ta koma ga Allah ba ta sauya ba, kuma ban riƙe ta ba, don uwa ce da ta ga ɗanta a kwance aka ce mata akwai mai hanawa. Babanku ya yi makonni yana kallon keken a jingine. Wata safiya ya ce a ɗora shi. Daga ranar ya koma ciniki, ya koma cin tuwona ba tare da an yi zancen ba, kuma a wannan rumfa ya ciyar da ku har kuka girma. Ƙafafun ba su taɓa amsawa ba. Duk lokacin da muka je birni a duba shi na kan tambayi Likita Balkisu ina aka kwana da ɓerayenta, ta ce an ɗan matsa, an gano wani saƙon da ba a sani ba a da, amma ba a iso ba. A zuwa na uku ko na huɗu babanku da kansa ya miƙa mata hannu ya ce ta ɗebi jinin.

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Shekarar da zai rasu, wata ranar kasuwa da ya dawo da wuri saboda jikinsa ba daɗi, ina zaune ina tsince shinkafa a inuwar zaure, shi yana kan kekensa yana kallona. Kallon ya yi tsawo har na ɗaga kai.

"Luba," ya ce, "shekarun nan dut ina sa miki ido. Ina kallon hannunki, ina kallon huskarki in kin ɗauka barci nike. Ina jiran ranar da zan kama ki da wani abu."

"To mi kak kama, Malam?"

"Ban kama komi ba. Na gaji."

Na mayar da kaina kan faifai, don idona ya cika kuma ban so ya gani. Na ce masa to ya huta haka nan. Ya ce zai huta, ya tura keken da kansa ya matso cikin inuwar kusa da ni, muka zauna har aka kira la'asar.